Songkhla da Ƙaramin Guzuri: Yadda Za Ka Zaga Tsohon Birnin Kudancin Tailan

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Tailan fatauci ne yake kai su. A sauka Bankok, a shiga kasuwannin Pratunam, a haɗa kaya a bai wa masu kago, a juyo gida. Wanda ya ce zai ɗan huta kuwa, Phuket ko Pattaya ake nuna masa, inda kuɗin ɗaki na dare ɗaya zai iya ciyar da mutum kwana biyar a wani garin. Songkhla ba ta cikin wannan sahun. Tsohon birni ne a can kudu, kusa da iyakar Maleshiya, a kan wani zirin ƙasa tsakanin teku da tafki mafi girma a ƙasar. Masu yawon buɗe ido daga nesa ba su cika ta ba, don haka farashinta na 'yan gari ne. Ga Musulmi kuma tana da wani sauƙi na musamman: masallatai da abincin halal suna nan cikin gari, ba sai ka yi tattaki nemansu ba.

Kusan duk abin kallo a Songkhla kyauta ne ko kuma na 'yan canji. Abin da yake cinye kuɗin baƙo shi ne hayar mota, da cirar kuɗi a na'ura, da kwana a garin da bai dace ba. In ka toshe waɗannan ƙofofi uku, kwana uku ko huɗu ba za su girgiza aljihunka ba.

Mataki na farko: takardu da lokacin tafiya

Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza tun daga gida, ba a ba shi a filin jirgi. Tun daga farkon 2025 ta intanet ake nema, a shafin biza na gwamnatin Tailan, kuma ofishin jakadancinsu yana Abuja. Duba jerin takardun da suke buƙata a lokacin da za ka nema, ka fara da wuri, domin a cikinsu an saba neman takardar tantancewa ta hukumar NDLEA, wadda ba a samunta a yini ɗaya. Katin rigakafin shawara dole ne. Daga watan Mayun 2025 kuma akwai katin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isowa. Kyauta ne, duk shafin da ya nemi ka biya ba na gwamnati ba ne. Jami'an shige da fice na iya neman ka nuna guzurin baht 20,000 (baht shi ne kuɗin Tailan), don haka ka riƙe kwatankwacinsa a hannu. Wanda ya zarce wa'adin bizarsa tarar baht 500 ce a kan kowace rana.

Ɗalibanmu da ke jami'o'in arewacin Maleshiya, musamman na jihar Kedah, su ne suka fi kowa kusa. Daga Padang Besar, garin kan iyaka, akwai jirgin ƙasa zuwa Hat Yai, babban garin da ake bi a shiga Songkhla, tafiyar kimanin awa ɗaya. Amma su ma bizar a hannu za su zo da ita.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai a wannan gaɓar tekun. Daga Oktoba zuwa Disamba ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya, kuma manyan ambaliyoyin da suka ci Hat Yai, na 2000 da 2010 da 2025, duk a watan Nuwamba suka auku. Ko an yi maka tayin tikiti mai rahusa a wannan watan, ƙyale shi. Fabrairu da Maris sun fi: sama garau, teku a kwance. Ka kauce wa 13 zuwa 15 ga Afrilu, bikin sabuwar shekararsu da ake watsa wa juna ruwa a titi, domin tikiti yana ƙarewa, ɗakuna suna tashi.

Sai batun tsaro, wanda bai kamata a ɓoye ba. Tun 2004 ake fama da rikicin 'yan aware a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, da gundumomi huɗu na lardin Songkhla: Chana, Thepha, Na Thawi da Saba Yoi. Birnin Songkhla da Hat Yai ba sa cikin waɗannan huɗun, ko da yake an taɓa kai hare-haren bam a Hat Yai, ciki har da na 2012. Duk wuraren da ke cikin wannan jagora suna wajen yankin rikicin. Kada sha'awar ganin ƙarin garuruwa ta ja ka kudu maso gabas ba tare da ɗan gari da ka amince da shi ba.

Mataki na biyu: kuɗi

Ba inda za a karɓi naira ko sefa. Zo da dala, sababbin takardun ɗari marasa yagewa ko rubutu, domin sun fi ƙananan takardu daraja a wurin 'yan canji. Canja kaɗan a filin jirgi don kuɗin mota, sauran a shagunan canji na cikin Bankok ko Hat Yai, da fasfo a hannu. Na'urorin cirar kuɗi suna cire baht 220 ko fiye a kan kowace cira da katin waje, komai ƙanƙantar abin da ka cira. Wannan kuɗin abincin yini guda ne. In ya zama dole, cira sau ɗaya mai kauri. Ka nemi a fasa maka manyan takardu a kantin 7-Eleven, saboda mai sayar da abinci a bakin titi ba ta da canjin dubu. A nan kantin ko a shagunan AIS da True za ka sayi layin waya. Lambar 'yan sandan masu kula da baƙi 1155 ce.

Mataki na uku: daga Bankok zuwa Songkhla

Songkhla ba ta da jirgin fasinja na sama, kuma reshen dogon da ke zuwa cikinta an rufe shi tun 1978, sai tsohuwar tashar da ta rage a tsaye. Ta Hat Yai ake shiga, kimanin kilomita 30 daga birnin.

Hanya biyu ce. Jirgin sama daga filin Don Mueang awa ɗaya da rabi ne, kuma kamfanoni masu araha irin su AirAsia da Nok Air da Thai Lion Air suna zuwa kullum. Sai dai farashin da suke tallatawa yawanci na mai jakar hannu ce mai kilo bakwai, akwati kuɗinsa daban. Jirgin ƙasa kuma yana tashi daga babbar tashar Krung Thep Aphiwat da rana ko da yamma, ya isa Hat Yai washegari da safe bayan tafiyar fiye da kilomita 900. Ni shi nake ba da shawara, a ɗauki gado a aji na biyu. Kuɗinsa yana wajen baht dubu, kuma ya ɗauke maka kuɗin otal na dare guda. Gadon ƙasa ya ɗan fi na sama tsada, amma ya fi faɗi kuma yana da taga. Sanyin taragon yana da ƙarfi, sa riga mai kauri a jakar hannu. Sayi tikitin kwanaki kafin tafiya, a tasha ko a shafin hukumar jiragen ƙasa. In kana duba tikiti ka ga shekara ta yi gaba da yawa, kalandarsu ce: ta fi ta Miladiyya da shekara 543.

Da ka fito tashar Hat Yai masu tasi za su yi maka caa. Wuce su. Ƙananan bas-bas na zuwa Songkhla suna lodi a babbar tashar mota da kuma wajen hasumiyar agogo, kuɗinsu bai kai baht 50 ba, tafiyar ba ta wuce awa ɗaya. Tasi zai caje ka ninkin wannan sau goma.

Nan ne da yawa suke kuskure: su kama ɗaki a Hat Yai su riƙa zuwa Songkhla suna dawowa. Hat Yai garin kasuwa ne da 'yan Maleshiya da Singafo suke cikawa duk ƙarshen mako, ɗakuna su yi tsada. Kwana a Songkhla, cikin tsohon gari ko kusa da shi. Ɗaki mai tsafta da fanka ko na'urar sanyi ana samu tsakanin baht 400 zuwa 700. Kada ka biya ƙari don ɗakin bakin teku, domin daga tsohon gari zuwa gaɓa tafiyar ƙafa ce.

Mataki na huɗu: ranar farko, da ƙafa

Tsohon gari tituna uku ne a jere: Nakhon Nok da ke bakin tafki, Nakhon Nai a tsakiya, sai Nang Ngam. Fara da sassafe, bayan asuba, kafin rana ta buɗe. Gidajen tsofaffin 'yan kasuwar Sin ne masu shago a ƙasa da mazauni a sama, wasu da rufin tayil irin na Sin, wasu da adon Turawa, an yi wa bangaye da yawa zanen rayuwar garin ta da. A Nakhon Nok za ka ga wani katafaren gini ja, Hub Ho Hin, tsohuwar masana'antar casar shinkafa da aka kafa a 1914. Yanzu wurin baje tarihin gari ne, kuma ta bayansa akwai dandamali da ke kallon tafki da jiragen masunta.

Ka bi titunan zuwa kudu har titin Phatthalung, unguwar Musulmi ta Ban Bon. Masallacin unguwar tun tsakiyar ƙarni na 19 yake, kuma hasumiyarsa ta fi kama da ginin gargajiyar Tailan fiye da irin wadda muka saba gani. Musulmin kudu Shafi'awa ne, don haka kada ka yi mamaki in ka ji liman ya bayyana bisimilla, ko ya yi ƙunutu bayan ruku'u a asuba. Sallama kaɗai ta isa ta buɗe maka fuskoki a nan, ko da ba ku jin yaren juna.

Wannan titin shi ne wurin cin abincinka. Da safe a nemi khao yam, shinkafa da ake haɗawa da yankakkun ganyaye masu ƙamshi da gasasshiyar kwakwa da garin kifi, a zuba mata romon kifi mai ɗan zaƙi. Da rana akwai shinkafa mai kurkum da kaza. Da yamma roti da shayin madara da ake ja tsakanin kofi biyu har ya yi kumfa. Soyayyar kazar Hat Yai, wadda ake barbaɗa wa soyayyar albasa a ci da shinkafa mai danƙo, ta shahara a duk ƙasar, kuma Musulmi da yawa ne suke sana'arta. Kwano ɗaya na irin waɗannan tsakanin baht 40 zuwa 70 yake. A shagunan da ba na Musulmi ba kuwa a yi hattara: ko ka ce a ba ka kaza ko kifi, romon taliya sau da yawa na ƙashin alade ne, wani lokacin ma da kitsensa ake suya. Cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, ba ta canja romon da aka riga aka dafa. Abin dogaro shi ne alamar halal ta majalisar Musulunci ta ƙasar, ko jinjirin wata da tauraro a allon shago, ko mai abinci da ɗankwali ko hula. Yaji kuwa, kudu ta fi ko'ina a Tailan, har wanda ya saba da barkono sai ya share hawaye.

Ruwan famfo ba na sha ba ne. Riƙe gora, ka riƙa cikawa a na'urorin tace ruwa da ke bakin tituna, baht ɗaya lita guda.

Da hantsi, shiga Gidan Tarihin Ƙasa na Songkhla. Gida ne irin na Sin mai jan rufi da aka gina a 1878 don wani babba daga zuriyar Na Songkhla, iyalin da asalinsu daga lardin Fujian na Sin yake, waɗanda suka riƙe sarautar garin fiye da shekara ɗari. Baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa, kamar yadda yake a duk gidajen tarihin gwamnati, kuma a rufe yake Litinin da Talata. Daura da shi akwai guntun tsohuwar ganuwar birni. Kusa kuma akwai gidan katako na Phathammarong, kwaikwayon gidan da aka haifi Janar Prem Tinsulanonda, ɗan garin da ya yi firaminista daga 1980 zuwa 1988. Daga nan ne motar zagaya gari ta hukumar birni take tashi, kyauta. Bayanin da harshen Tailan ake yi, amma za ta nuna maka fasalin gari ba ka kashe ko sisi ba.

Wat Matchimawat, babban wurin bautar mabiya Buddha na garin, yana da zane-zanen bango na ƙarni na 19 da suka nuna tashar jiragen ruwan garin da baƙin da ke zuwa. Shiga ko rashin shiga ya rage naka. In za ka shiga, a cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa, mace kuma ba ta taɓa malamin bautarsu ko ta miƙa masa abu hannu da hannu.

Bayan la'asar ka nufi tudun Tang Kuan. Akwai matakala kyauta, akwai kuma na'urar hawa ta 'yan canji. Daga sama za ka ga komai lokaci ɗaya: teku a gabas, tafki a yamma, gari a matse a tsakani. Birai sun cika gindin tudun, kuma sun san leda sarai, don haka sa abinci da tabarau cikin jaka. Gangara zuwa gaɓar Samila ka tarar da mutum-mutumin 'yar ruwa tana taje gashinta a kan dutse, wanda aka kafa a 1966, da tsibirai biyu a cikin teku da ake kira Ɓera da Kyanwa. Gaɓar ta shan iska ce a gindin itatuwa, ba ta wanka ba sosai, musamman in igiyar ruwa ta tashi. An hana shan taba a gaɓar Chalathat da ke haɗe da ita, sigarin lantarki kuma haramtacce ne a duk ƙasar.

Mataki na biyar: ƙetare ruwa zuwa Singora

In kwana ɗaya tak za ka ƙara, ga inda za ka kashe shi. Yawancin baƙi suna ɗaukar hoto da 'yar ruwa su tafi, ba su san cewa tsaunin da ke tsallaken bakin tafki ya taɓa zama daular Musulunci mai cin gashin kanta ba.

A farkon ƙarni na 17 wani Musulmi Bafarishe, Dato Mogol, ya kafa garin Singora a gindin tsaunin Khao Daeng, yana biyayya ga sarakunan Ayutthaya, babban birnin Siyam (tsohon sunan Tailan) na wancan zamani. Ya buɗe tasharsa ba haraji, sai fataken Holan da na Ingila suka riƙa zuwa. Ɗansa Sulaiman ya gaje shi, ya ƙarfafa ganuwa da hasumiyoyin tsaro har saman tsaunin, a 1642 kuma ya ayyana 'yanci ya naɗa kansa Sultan Sulaiman Shah. Ayutthaya ta kawo yaƙi ba sau ɗaya ba ta koma ba nasara. Sai a 1680, zamanin Sarki Narai, bayan rasuwar Sulaiman, aka ci garin aka rushe shi. Zuriyarsa ba ta ɓace ba, ta shiga cikin manyan ƙasar. Janar Sonthi Boonyaratglin, Musulmin da ya jagoranci juyin mulkin 2006, daga cikinta yake. Wata igwa mai ɗauke da hatimin Sultan ɗin ta yi doguwar tafiya: mutanen Siyam suka kwashe ta, ƙasar Bama (Myanmar ta yau) ta ƙwace daga hannunsu a 1767, Turawan Ingila suka ƙwace daga Bama, yau tana harabar asibitin tsofaffin sojoji na Chelsea a Landan. Birnin da kake kwana a ciki na baya ne, an dawo da shi wannan tsallaken ne wajen 1842.

Zuwa can ba wuya. Daga arewacin gari akwai jirgin fito mai ɗaukar motoci da babura da masu ƙafa, mintuna kaɗan ya kai ka Hua Khao, ƙauyen masunta Musulmi. Kada ka yarda a zagaya da kai ta gada da tasi, hanyar ta ninka sau da yawa. A tsallake ka yi ciniki da ɗan acaɓa kafin ka hau, ya kai ka hasumiyoyin da ke ƙasa, sannan kabarin Sultan Sulaiman da ke cikin maƙabartar Musulmi a gefen tsaunin, wanda zuriyarsa suke ziyarta har yanzu. Masu ƙarfin gwiwa su hau matakalar Khao Daeng zuwa kangayen da ke sama. Hawan yana da tsawo, ba mai sayar da ruwa a hanya, sauro kuma yana nan, don haka a tashi da sassafe da gora biyu da takalmi mai kama ƙasa. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma sau da yawa kai kaɗai za ka tarar da kanka a wurin. Saboda haka ya fi kyau a je mutum biyu.

Mataki na shida: Ko Yo da Kao Seng

Ko Yo tsibiri ne a cikin tafkin, gadar Tinsulanonda mai tsawon kimanin kilomita biyu da rabi ta haɗa shi da gaɓa biyu. Ana zuwa da songthaew, wato a-kori-kura mai benci biyu a baya, wadda ita ce motar hayar talaka a garin. Ka tsayar da ita da hannu, ka danna ƙararrawa in za ka sauka, ka biya direba ta taga. In ka tarar da ita ba kowa ka fara tambayar direba ko zai kai ka wuri kaza, ya ɗauka shata ka yi, kuɗin ya canja. Tambayi fasinjoji ko mai masaukinka wace ce take zuwa.

A tsibirin akwai babban gidan adana al'adun kudancin Tailan a kan tudu, mai ɗakuna da yawa na wuƙaƙe da tukwane da tufafi da kayan wasan inuwa; ya cancanci kuɗin shigarsa. Ana saƙar hannu a tsibirin, kuma a wurin masaƙa zane ya fi araha. Gidajen cin kifi na bakin ruwa da nauyi suke sayarwa, a tambayi kuɗin kilo kafin a ce a gasa.

Da yamma, in da sauran ƙarfi, ƙarshen gaɓar Chalathat ta kudu akwai Kao Seng, unguwar masunta Musulmi, inda ake jera kwale-kwale masu fentin ado tun daga kai har wutsiya. Nemi izini kafin ka ɗauki mutane hoto.

Hayar babur tana da arha a ido, amma ban ba da shawara ba. Hannun hagu suke tuƙi, ana neman lasisin ƙasa da ƙasa, wasu masu hayar kuma suna riƙe fasfo. Ƙaramin haɗari ɗaya ya isa ya cinye duk abin da ka tattala.

Doka biyu da baƙo zai kiyaye ko'ina: kada ka yi wata magana a kan sarki ko iyalinsa, ko da wasa, ko a Facebook, domin hukuncin ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar ne. In kuma aka sa taken ƙasa da ƙarfe takwas na safe ko shida na yamma a tasha ko kasuwa, ka tsaya cik kamar kowa.

Lissafi da komawa

A ƙiyasi, ɗaki baht 500, abinci sau uku da shayi 250, motoci 100, kuɗin shiga 150: baht dubu a yini, wajen dala talatin. Mutum biyu da suka raba ɗaki za su kashe ƙasa da haka kowanne.

Ka shirya ranar komawa ta faɗo Juma'a, Asabar ko Lahadi. A hanyar Hat Yai, a Khlong Hae, akwai Babban Masallacin lardin, fari, da doguwar kwatarniyar ruwa a gabansa da ke nuna hotonsa lokacin faɗuwar rana. Ba nisa da shi akwai kasuwar kan ruwa ta Khlong Hae, wadda take ci a waɗannan ranaku uku daga la'asar zuwa dare, kuma da yawa daga masu sayar da abinci a cikin kwale-kwalen Musulmi ne. Ba a kan layin ƙananan bas suke kai tsaye ba, don haka a nan ne ya dace ka kira mota ta manhajar Grab, ka ga farashi kafin ka hau. Jiragen ƙasa masu zuwa Bankok da rana zuwa yamma suke barin Hat Yai, saboda haka mai son masallacin da kasuwar duka sai ya ɗauki jirgin sama na dare, ko ya kwana ɗaya a Hat Yai ya bi jirgin ƙasa washegari.